Yatsun Bashar Tsakanin Inji da Giyabos

Jama'a salamu alaikum, ku matso kusa, yau bakina cike yake. Wallahi tun la'asar nake son in ɗauki waya in rubuto muku, Wasila ta ƙi barina. Yanzu ma sai da na goya Wasila na yi ta jijjiga har ta yi luf sannan na samu kaina.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Sa'adiya, nan Tudun Wada cikin Gusau nake, gidan mahaifina Malam Jatau. Aurena na fari bai yi tsawon rai ba, na dawo gida da ciki, na haifi Wasila. Ga ta nan har ta fara gudu, kowa ta gani da hula sai ta ce masa Baba, ranar nan har mai sayar da gawayi ta kira haka, na rasa inda zan sa fuskata. Mai nemana kuwa Bashar ne, mutumin Tsafe, makanike a wani gareji bakin hanyar baifas. Aikinsa motocin otomatik, waɗanda ba a taka musu kulochi. Ya ce yana so na, kuma da ɗiyata yake so na, ba zai raba ni da ita ba. Ku da kuke zawarci da goyo kun san irin wannan ba kullum ake samu ba.

Matsalar ɗaya ce, Baba.

Baba tsohon makaniken manyan motoci ne, tun yana Bungudu yake kwance injin roka ya ɗaura. Mutum ne mai son a girmama shi, kuma in ya ɗauki abu a ransa sai Allah. Ranar da Bashar ya fara zuwa gaishe shi, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, komai daidai, amma bawan Allah ya manta da ɗan abin sauraren waya maƙale a kunnensa. Yana fita Baba ya shigo yana huci, ya ce wa Inna, “Yaron da ka gaishe ni kunnenshi na wurin wani can daban? Ba shi da kunya. Ki hwaɗa ma ɗiyarki, in ya ƙara nuna man rashin kunya ko sau ɗaya, kada in sake ganin ƙahwarshi ƙohwar gidana.”

Tun daga nan Bashar a gaban Baba kamar amarya. Ba ya ɗaga ido, ba ya tari, in Baba ya ce rana daga yamma take fitowa sai ya ce haka ne Baba. Ita kuma Inna kullum tana kaina, zama ya isa, 'yan uwa sun fara magana, in wannan bai yi ba in duba wani. Ni kuwa babu wanin da nake gani.

To ana haka injin motar Baba ya buga. Tsohuwar Marsandi ce fara, otomatik, wadda yake gogewa da safe kafin ya sha koko. Ga ɗaurin auren ɗan ƙanensa a Nahuce ranar Juma'a, ya rantse da motarsa zai je, ba zai hau ta haya yara su matse shi ba. Da kansa ya shiga kasuwar kayan mota ya zaɓo injin Beljiyam, anka kawo a a-kori-kura. Amma giyar otomatik ba fanninsa ba ne, ko bai faɗa ba kowa ya sani. Inna ce ta lallaɓa shi da dabara har ya ce, “To, wanga yaro ya zo ya kama man. Kamawa na ce, ba koyarwa ba.”

Da na gaya wa Bashar a waya, sai ya ce, “Sa'a, wannan jarrabawa ce ko aiki?”

Na ce, “Duka biyun. Ka bar abin kunnen nan a gida.”

Yau da hantsi sai ga shi. Ta kafar ƙyauren zaure na leƙa. Ya zo da shadda ruwan toka a goge, ya gaida Baba da ita, sannan ya zagaya bayan mota ya sauya shuɗiyar rigar aiki, ya ninke shaddar ya sa a leda. Ni kuwa tun safe na sa atamfata mai ganye kore da ratsin ruwan goro, wadda ya taɓa cewa ta yi mini kyau, na shafa kwalli, na zauna cikin zaure da tiren zogale wai ina tsincewa. Inna ta wuce ta ce, “Yau zogalen gidan nan haske yake so ko?” Na yi kamar ban ji ba.

A gindin dalbejiyar ƙofar gida sunka yi aikin. Sun rataye injin da sarƙa a babban reshe, ya sauko kusa da ƙasa kan tsoffin tayoyi, giyabos kuma yana kan katako. Sai an haɗa su biyun a ƙasa sannan a ɗaga a zura cikin mota. A kan dakali kuma ga Malam Buba, abokin Baba tun na yarinta, da carbinsa da goronsa. Mutumin nan ba ya iya ganin abu bai tofa ba.

Bari in gaya muku abin da ake kira konbata, don shi ne ya kusa kashe mini aure tun ba a ɗaura ba. Wani baƙin ƙarfe ne mai nauyi, kamar an kife kwano biyu baki da baki an liƙe. Shi ke zama tsakanin inji da giyabos a maimakon kulochi. Ta baya yana da wuya mai shiga cikin giyabos ya kama famfon mai, ta gaba kuma yana da 'yar cibiya da ke shiga wani rami a gindin inji. Bashar ya sha yi mini wannan bayani in ya zo zance, wasu ana musu waƙa ni ana mini karatun konbata, amma yau ya yi mini rana.

Na ga ya zuba masa jan mai, ya ɗauke shi da hannu biyu kamar jinjiri, ya zura wuyan, yana juyawa yana turawa a hankali, ya karkata kunne. Ƙwas. Ya ci gaba da juyawa. Ƙwas. Ya daɗe yana lallaɓawa, sai na uku, ƙwas, abin ya shige ciki sosai. Ya sauke numfashi.

Malam Buba ya ce, “Jatau, wanga yaro makanike na ko ungozoma?”

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, “A turo.”

Sunka kama giyabos sunka turo shi bakin inji. Ya zo, ya zo, sai ya tsaya. Saura rata kamar kaurin yatsa. Sunka jijjiga, sunka ɗaga gindi, sunka sauke sarƙa kaɗan, sunka ƙara ɗagawa. Ratar nan tana nan ta ƙi rufewa. Bashar ya zura yatsa ta wata ƙofa da ke ƙasa ya taɓa konbata don ya juya shi, ya ƙi motsi, ya cije tam. Daga inda nake na ga fuskarsa ta sauya.

Baba ya ce, “Kawo dogayen noti. In anka ɗaure za shi jawo kanshi.”

Bashar ya ce, “To Baba.” Amma bai miƙa ba. Ya ce zai wanke hannu, santsin mai ya hana shi riƙo. Ya tafi wurin bokiti bayan mota, sai ga wayata ta yi ƙara a cikin zogale. Saƙon murya, yana raɗa:

“Sa'a, akwai matsala. Wani abu ya tokare. In aka ja da noti, konbata zai danne famfon mai ya fasa shi, giyar ta mutu ke nan tun ba a tayar ba. Dole a ja baya a duba. Amma yaya zan ce wa Baba a'a, ga Malam Buba zaune?”

Na rubuta, “Ka gaya masa a hankali.”

“A hankali ma a'a ce.”

“To ka ɗaure kawai.”

“In ta fashe, motarsa ce na kashe. Kuma ni za a ce.”

Kun ga inda munka tsaya ko? Ya yi magana, mara kunya ne, an kore shi. Ya yi shiru, motar da Baba ke ji da ita ta lalace a hannunsa, nan ma an kore shi. Na tashi da gudu zogale na zuba, na iske Inna tana turara dambu, na ce, “Inna don Allah ki kira Baba ciki, ki ce ana nemansa a waya, ki ce komai.”

Ta ce, “In kira shi yana tsakiyar aiki gaban Buba? Ke ba ki san ubanki ba?”

“Inna motar za ta lalace!”

“Motar ce ke damunki?” Ta kalle ni ta gefen ido, ta ci gaba da fifita wuta.

Na dawo zaure. Kafin nan hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen dalbejiya. Ga inji a buɗe, ga giyabos a buɗe, in ruwa ya sauko a kansu wata masifar ce. Baba ya kalli sama ya kalli Bashar da ke ta goge hannu da tsumma kamar ba zai gama ba.

“Kai yaro, hannun nan naka na zinari na? Ina notin?”

“Ga su Baba.” Ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Sai ya ce, muryarsa can ciki, “Baba, ko a ɗan ja baya a...”

“A mi?”

“A'a, ba komai.”

Malam Buba ya tauna goro ya ce, “Yaran yanzu sai an sa musu kwamfuta sannan su san noti na juyawa dama.”

Baba ya karɓi sifana da kansa. Ya zura noti ɗaya ta wancan gefen ya fara ja. Ya zagayo ya zura na biyu ya ja. Yana ja yana magana, “Giyabos ɗin roka ni kaɗai nika ɗaura shi da gwiwa. Ƙarhe ba a roƙonshi, nuna mai aka yi.” Ratar ta fara raguwa. Sai na ji wani ɗan ƙara daga cikin ƙarfen, ƙiii, siriri, kamar ƙyauren da ya sha ruwa. Bashar ya runtse ido kamar a jikinsa ake ja.

Baba ya koma wancan gefen ya duƙa, ba ya ganin wannan ɓangaren. Jama'a, abin da na gani ke nan da idona: Bashar ya durƙusa, ya ɗaga hannunsa na hagu, ya zura yatsunsa cikin ratar nan, tsakanin inji da giyabos. Ya sunkuyar da kai kawai.

Baba ya ja sifana.

Na ga kafaɗar Bashar ta girgiza, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi. Baba ya gyara sifana zai ƙara. Ban san sa'ad da na banke ƙyaure ba, babu mayafi babu takalmi, ɗankwali ma a hannu.

“Baba! Baba hannunsa! Hannunsa na ciki!”

Baba ya miƙe a firgice ya leƙo. Malam Buba ya tashi tsaye har goronsa ya zube, yana salati. Wasila ta biyo ni tana kuka ta riƙe mini zane.

Baba ya ce, “Kai! Hauka kake? Cire hannunka!”

Bashar bai motsa ba.

“Ba ka jiya ba? Na ce cire!”

“Baba ka yi haƙuri.”

Bai cire ba. Ko da yake ma a lokacin ba zai ciru ba, ƙarfe ya riƙe. Baba ya yi sauri ya sassauta notin. Ratar ta buɗe. Amma Bashar ya bar yatsun a wurin, sun yi jawur, farcen na tsakiya ya fara baƙi.

Baba ya jefar da sifana ƙasa. “Wato nuhinka ban san aiki ba. Ka rasa bakin hwaɗi shi na ka hwaɗa man da hannu, gaban mutane.”

“Wallahi a'a Baba.” Har yanzu bai ɗago ba. “Ni ma ban san abin da ya tokare ba. Da na sani da na gyara ban bari ka gani ba. Rashin sanin ne ya ba ni tsoro. Famfon da ke ciki ba ya ɗaukar matsi, in ya fashe ba ka zuwa Nahuce da ita.”

Baba ya juyo ya gan ni tsaye kai babu ɗankwali. “Ke kuma mi kike yi nan haka? Wuce ciki!”

Na ja Wasila na koma bayan ƙyaure, amma ban rufe ba.

Baba ya daɗe yana kallon sama, hadari ya rufe rabin gari. Sannan ya ce, a hankali, irin hankalin da ya fi faɗa ban tsoro, “To. Za mu ja baya. In anka buɗe anka ga abin da ya tokare, shi ke nan. In babu komi, ka kwashe sihwanunka, kuma ka san sauran.”

Malam Buba ya ce, “Haba Jatau...”

“Buba, ci goronka.”

Sunka kwance notin biyu, sunka ja giyabos baya. Bashar ya naɗe yatsunsa da tsumma ya fara dubawa da hannu ɗaya. Ya juya konbata ya tura, ko bai gama zama ba. Yana zaune daram, babu sauran inda zai shiga. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin giyabos ya auna zurfinsa, daidai. Ya duba 'yan turakun nan biyu da ke saita inji da giyabos, ko an bar na tsohon inji sun yi karo da na sabon. Babu karo. Ya duba farantin da ke gindin inji, wanda Baba ya ciro daga tsohon injin ya ɗaura tun jiya, ko an juya shi baibai. Daidai yake. Ya leƙa ko wata waya ta maƙale a tsakani. Babu.

Ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Zufa na ɗiga daga haɓarsa. Iska ta ɗauke ledar shaddarsa ta yi tsakiyar titi da ita, bai ko kalla ba.

Baba ya ce, “To?”

“Ban gani ba Baba.”

Wayyo ni. Na zame na zauna a ƙasa. Na ji Inna ta zo bayana ta tsaya, ta dafa kaina. Ta kafar ƙyaure ina kallon Bashar yana tsince sifanunsa ɗaya ɗaya yana zubawa a buhu da hannu ɗaya. Wasila ta leƙa ta ce, “Baba!” Bashar take nufi. Nan hawaye ya zubo mini.

Shi kuwa Baba ya ɗauki tsumma ya juya wa kowa baya, yana goge gindin injin, yana gunaguni shi kaɗai. Ya goge farantin, ya kai tsumma tsakiya inda ramin nan yake, wanda cibiyar konbata ke shiga. Ramin cike yake da baƙin giris da ƙura. Ya cusa ɗan yatsa ya kwakulo. Ya sake cusawa.

Sai ya tsaya.

Ni kaɗai nake ganin fuskarsa daga inda nake, Bashar da Malam Buba bayansa suke gani. Yatsansa na cikin ramin, bai motsa ba. Na san ya taɓo wani abu. Kuma na san Babana, na ga abin da ke yawo a ransa. In ya zare yatsa ya yi shiru, ba wanda zai sani. Bashar ya tafi, girmansa na nan gaban abokinsa, gobe ya gyara abinsa shi kaɗai. Na dinga cewa ya Allah, ya Allah, ban ma san me nake roƙo ba. Bashar ya ɗaure bakin buhu. Ya durƙusa ya ce, “Baba na gode, Allah ya huci zuciyarka.” Ya miƙe.

Baba ya ce, “Aje buhun nan.”

Bashar ya tsaya.

“Zo ka sa yatsa nan. Mai lahiyar, ba wanda ka ɓata ba.”

Ya zo ya cusa. Idonsa ya buɗe. “Boris ne Baba!”

“Awo, boris na. Wanga inji daga motar kulochi anka ciro shi. Su suka da ɗan boris, zoben ƙarhe, cikin ramin ga, sandar giya ka shiga ciki. Cibiyar abin naka ta zo ta iske wuri da mai shi.” Ya goge yatsa a riga. “Kai ba ka san shi ba, ba ka taɓa kwance kulochi ba. Ni na san shi, ni kuma na sayo injin, ban duba ba.”

Malam Buba ya ce, “Wa ya sayo? Ban ji da kyau ba.”

“Buba, in ka ƙara magana cikin injin ga zan sa ka.”

Dariya ta kuɓuce wa Inna a bayana, ta toshe baki da gefen zane.

Sai kuma wata sabuwa: boris ɗin ya cije a ramin, Bashar ya ce abin zaro shi yana gareji, kafin ya je ya dawo ruwa ya sauko. Baba ya yi tsaki, ya ɗaga murya, “Sa'ade! Kawo burodi!”

Na ɗauka kunnena ne. “Burodi Baba?”

“Burodi na ce!”

Burodin da ke gidan kaf na Wasila ne, wanda take sha da shayi. Na zura hijabi na ɗauko, tana gani ta fasa ihu tana bi na, “Nawa! Nawa!” Baba ya karɓa ya dinga gutsura yana cusawa ta tsakiyar boris ɗin har ramin ya cika. Ya samo guntun ƙarfe daidai bakin ramin, ya ɗora, ya buga da guduma. Ya ƙara burodi, ya buga. Ya ƙara, ya buga. Jama'a, burodin nan da ya rasa wurin zuwa sai ya dinga turo boris daga baya, yana fitowa kaɗan kaɗan, har ya faɗo tafin hannun Baba. Bashar ya saki baki, yau kam ya manta da sunkuyar da kai.

“Baba wallahi ban taɓa gani ba.”

“Ina za ka gani, kuna can kuna sauraren kunne.”

Sunka share ramin tas, Bashar ya sake tabbatar konbata na zaune, sunka turo giyabos. Wannan karon babu jijjiga babu roƙo, ya tafi sumul ya haɗe da inji, tim, ko takarda ba ta shiga tsakani. Bashar ya zura yatsa ta ƙasa, konbata ya juya sakayau, har da ɗan wurin da zai matso gaba ya sadu da faranti. Ya ce, “Yanzu a ɗaure Baba.” Baba ya miƙa masa sifana, sai ya kalli tsumman hannunsa, ya fasa, ya ɗaure da kansa.

Suna jan tampol a kai ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Malam Buba ya tattare babbar riga ya yi gidansa, su biyun sunka shigo zaure a jiƙe. Inna ta ce in kai abinci. Na zuba dambu a babban kwano, na yanka albasa, na zuba mai da yaji, na sa cokali biyu, na kai na ajiye tsakaninsu.

Baba ya kalli kwanon. Ya kalle ni.

“Wa ya ce ki haɗa?”

Na ce, “Baba ai na ga tare kunka yi aiki.”

“Ɗauke. Raba shi biyu. Nawa ki kai man ɗaki, nashi ki bar mai nan.” Ya miƙe yana kakkaɓe riga, bai kalli Bashar ba. “Ina kinka taɓa ganin mutum ya ci kwano ɗaya da surukinshi?”

Ya shige ciki.

Jama'a! Ni dai na tsaya da kwano a hannu kamar an dasa ni. Surukinshi. Da bakinsa, ina ji, Bashar na ji. Daga tsakar gida sai na ji Inna ta rangaɗa guɗa cikin ruwan saman nan, Baba yana ce mata, “Ke mi na haka, sai unguwa ta taru?” Wasila ba ta san me ake ba ta kama tsalle tana tafi, ta manta da burodinta. Bashar kuwa ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa, ban sani ba dariya yake ko kuka. Na ce, “Malam, hannun fa?” Ya ce, “Wane hannu?”

Kafin ya tafi Inna ta aiko masa da man zafi da ruwan ɗumi, Baba kuma ya aiko ni in ce ya biya kemis a duba farcen, kuma manyansa na Tsafe su san hanyar gidan nan. Ni aka aika da wannan saƙon, ku ji fa, ni da kaina. Na faɗa ina kallon bango.

Bayan magariba ina shanya hijabina sai ga saƙonsa. Na buɗe da murmushi, na ɗauka kalaman nan ne. Sai na ji muryarsa a sanyaye:

“Sa'a, ban so in faɗa a gidan ba. Kin ji ƙaran nan da ƙarfen ya yi kafin in sa hannu? Ban tabbata famfon bai tsage ba. Daga waje ba a gani. Sai gobe in an zura inji an tayar, in an sa giya ta motsa, to mun tsira. In ba ta motsa ba...”

Saƙon ya yanke a nan. Na saurara har sau nawa ban sani ba. Na leƙa waje, ga tampol can gindin dalbejiya ruwa na ɗiga a kansa, ga Baba ya fito da tocila yana gyara masa dutse a gefe kada iska ta ɗaga.

Na danna na ce masa, “Ka shafa man zafin ka kwanta. Ta motsa ko kada ta motsa, ni dai kwano biyu na wanke yau.”